Mece ce kalmasa a ɗinki, kuma yaushe ta hannu ta fi ta keke?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Na kai wa tela sabon zanen atamfa da wandon makarantar ɗana da ya ɗage masa. Ya ce zanen kalmasa kawai yake buƙata, wandon kuma sai an farke kalmasarsa an sake wata. Na ce masa zan dawo. Da na faɗa wa kakata sai ta ce ɓarnar kuɗi ce, su da allura suke kalmashe kayansu, kuma ta hannu ta fi ta keke. Don Allah mece ce kalmasa takamaimai, ninkin ne ko ɗinkin? A ina da ina ake yin ta? Kuma wadda ba ta taɓa koyon ɗinki ba za ta iya yi da kanta?"

Wa alaikumus salam, Malama. Abu uku kika tambaya: ma'anar kalmar, wuraren da ake yin aikin, da ko hannun da bai saba ba zai iya. Akwai na huɗu da kika cusa a tsakiya ba ki furta ba, wato tsakanin tela da Kaka wa ke da gaskiya. A gajarce, tela ya ci zanen, Kaka ta ci wandon. Dalilin zai fito da kansa idan muka ɗauko abin daga tushe.

Ninki ne kafin ya zama ɗinki

Kalmasa ita ce a lanƙwaso bakin yadi zuwa ciki, galibi sau biyu, a ɓoye inda almakashi ya bi, sannan a bi ninkin da zare don ya zauna. A bakin teloli sunan ya haɗa ninkin da ɗinkin, har da abin da ya fito bayan an gama, shi ya sa za ki ji "kalmasar wandon ta kwance" ko "kalmasar nan ta yi faɗi". Amma gindin kalmar a ninkin yake. Ki saurari yadda ake faɗarta inda babu allura ko kusa. Baƙo ya shigo ya kalmashe ƙafa a kan tabarma. An ba wani ajiyar kuɗin jama'a ya kalmashe, wato ya ninke ya zura aljihu. Mai neman alfarma ya kalmashe murya. A duka ukun, abu ne miƙaƙƙe aka lanƙwasa aka mayar da shi kan kansa. Kalmar tana juyawa kamar 'yan'uwanta lanƙwasa da lanƙwashe, ko fasa da fashe: "s" takan koma "sh" idan "e" ta biyo ta. Don haka ana cewa ta kalmasa bakin zane, ta kalmashe shi, yana nan a kalmashe, ya kalmasu.

Na tsaya a kan wannan ne domin nan masu koyo suke ɓata. Suna ɗauka gwanintar tana bakin allura, sai su yi ninki sama-sama su zauna ɗinki. Alhali kashi uku cikin huɗu na aikin yana ƙarewa ne kafin a zura zare. Ninkin da ya miƙe, ko da ɗinkin bai yi kyau ba, zai zauna. Ninkin da ya karkace kuwa, babu gwanin da zai miƙar da shi da allura.

Me ya sa ake yin ta? Yadi zare biyu ne suka ratsa juna, na tsaye da na kwance, kuma babu abin da ke riƙe kowane zare sai maƙwabcinsa. Da an yanka, na bakin ya rasa mai tokare shi, sai ya zame, na bayansa ya biyo, wanki ɗaya biyu ki ga geza ta fito. Ninki na farko yana ɓoye yankakken bakin, na biyu yana rufe na farkon. Bayan wannan akwai amfani biyu da ba a cika lura da su ba. Kalmasa tana ba ƙasan tufa nauyi, riga ko labule ya sauka a miƙe maimakon ya riƙa tashi da iska. Sannan ma'ajiya ce: yadin da aka ninke a ciki shi ake saukowa da shi idan yaro ya ƙara tsawo.

Da telanki ya ce zanen "kalmasa kawai" yake so, ga abin da yake nufi. Turmin atamfa yadi 6 ne, kuma dogayen gefunansa biyu sun zo a gyare daga kamfani, nan ne ma ake buga sunan atamfar. Waɗannan ba sa zarewa, ba a taɓa su. Yadi 2 da aka yanko don zane, gajerun bakuna biyu ne kaɗai almakashi ya ratsa, kowanne tsawon faɗin atamfar, kamar inci 45 zuwa 48. Su za a kalmashe, shi ke nan an gama zane.

Inda ake yin ta da faɗin da ya dace

Ƙa'idar ɗaya ce. Yadi mai nauyi da baki miƙaƙƙe yana ɗaukar kalmasa mai faɗi. Yadi shara-shara, ko bakin da ya zagaya, siririya yake so.

Zane, ɗankwali da zanen gado: ninki na farko rabin santimita zuwa santimita 1, na biyu santimita 1. Ƙasan kaftani da bakin hannunsa: santimita 1 na farko, 2.5 zuwa 4 na biyu. Ƙafar wandon babba kusan haka ne, 3 zuwa 4. Kayan makaranta a bar musu 5 zuwa 7 tun ranar da aka ɗinka, domin yaro ba ya jiran wando. Labule yana son 8 zuwa 10, a ninka sau biyu daidai wa daida don nauyi. Mayafi da gyale ba sa wuce milimita 2 zuwa 3, su murzawa ake yi ba ninkewa ba. Ƙasan hijabi, da yake zagaye ne, rabin santimita ya ishe shi.

Ƙubakar wando ma kalmasa ce, sai dai an bar mata rami don zariya ko roba ta wuce. Faɗinta ya ɗara na zariyar da rabin santimita, in ba haka ba ki yi ta kokawa da tsinke wajen zurawa. Ita ba a yi mata ɗinki mai laushi, domin kullum cikin ja take.

Yadin da ke miƙewa, irin na singileti da rigar 'yan ƙwallo, saƙarsa daban ce, madaukai ne suka sarƙe juna. Ba ya zarewa, naɗewa yake yi. Ninki ɗaya ya ishe shi, amma dole ɗinkin ya zama mai miƙewa tare da shi, in ba haka ba ranar farko da aka zura kai zaren zai tsinke.

Shiri kafin allura

Kayan ba su da yawa: allura, zare, almakashi mai kaifi, fil kamar 20, tef na awo, alli ko guntun sabulu da ya sirance, da dutsen guga. Lambar allurar hannu a juye take tafiya, yadda lamba ke hawa haka allura ke sirancewa. Lamba 7 ko 8 ta yi wa atamfa, shadda da yadin makaranta, 9 ko 10 ga mayafi, 5 ko 6 ga yadi mai kauri. Idan gauraye aka sayar miki babu lamba, ɗauki mafi sirantar da zarenki zai shiga kafarta ba da dambe ba.

Zaren keke na poliyesta shi ya fi samuwa, shi ya fi jure wanki. Idan ba ki sami launin daidai ba, ɗauki wanda ya ɗan fi yadin duhu, domin sili ɗaya a kan yadi yana fitowa da haske fiye da yadda yake a naɗe. A atamfa ki bi launin da ya fi yawa a wajen bakin. Tsawon zaren kamu ɗaya, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kusan santimita 45 zuwa 50. Sabon hannu yakan ja gaba guda don gudun sake zura allura, sai zaren ya yi ta sarƙewa, kuma kafin a kai ƙarshensa ya ci jiki saboda yawan ratsa yadi. Sili ɗaya ake yi da shi, ba a riɓanya shi. Ki goga shi a kakin zuma ko kyandir sau biyu, zai rage ƙullewa.

Yadin auduga yana tsukewa a wankin farko. Ga zane wannan ba damuwa ba ce. Ga wando da labule kuwa, a wanke a shanya kafin a yi awo, don kada a gama aiki su ɗage. Sabuwar shadda ba a wanke ta saboda ƙyallinta, sai dai a bar mata rara a cikin kalmasa.

Daga nan sai daidaita baki. Mai yanka a kasuwa ba kullum yake bin zare ba. Ki tsinci zare ɗaya na kwance kusa da bakin, ki zaro shi daga gefe zuwa gefe, zai bar siririn layi, ki bi layin da almakashi. Wata atamfar an buga zanenta a ɗan karkace da saƙar. Idan haka ta faru kuma zanen mai layuka ne da ido zai kama, bi zanen ki bar zaren.

An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a kalmasar farko kada ki ba shi amana. Yanki guntun kwali, yi masa tsaga a daidai faɗin da kike so, ki riƙa aunawa da shi duk bayan taƙi ɗaya. Ya fi tef sauri, kuma ba ya kuskuren karatu. Yi ninki na farko ki danne da dutsen guga, yi na biyu ki sake dannewa. Dannawa ake yi a ɗaga, ba a jan dutsen a kan bakin, domin ja yana miƙar da shi ya zama kamar igiyar ruwa. Yadin makaranta mai poliyesta wuta kaɗan yake so, a shimfiɗa tsumma mai danshi a tsakani, in ba haka ba ya yi ƙyalli ko ya narke. Idan babu wuta babu gawayi, atamfa da shadda suna karɓar ninki da farce. A ƙarshe ki kafa fil a gicciye duk santimita 8 zuwa 10. Wadda ba ta saba ba, gara ta bi bayan fil ɗin da ɗinkin wucin gadi, manyan taku na santimita 2 da zare mai wani launi, ta cire fil ɗin, ta zare wannan zaren idan ta gama. Minti biyar ne, amma yana hana ninki zamewa da sukar yatsa.

Hanyoyin ɗinkin

Sunayen da zan ba su na bayani ne don mu gane juna, kowane shago da yadda yake kiransu. A dukansu, cikin tufar ne ke kallonki, ninkin yana kwance a kan manunin hagu, babban yatsa ya danne shi. Mai hannun dama daga dama take farawa ta nufi hagu, bahaguwa ta juya. Ƙullin farko a ɓoye shi cikin ninki.

Na farko shi ne karkatacce, kuma da shi nake fara wa kowane ɗan koyo. Allura ta tsinci zare 1 ko 2 na jikin yadin, daidai gindin ninkin, ta haura a karkace ta ɓullo ta bakin ninkin kamar milimita 2 daga gefe. Matsa gaba milimita 5 ko 6 ki maimaita. Ta ciki za ki ga 'yan sanduna a jere a karkace, ta waje ɗige-ɗige ƙanana. Ya fi sauran sauri. Aibinsa zaren yana kwance a fili, yatsan ƙafa yana iya kama shi wajen sa wando, gogayya kuma tana cinsa a hankali.

Na biyu ɓoyayye. Allura ta tsinci zare 1 ko 2 na jikin yadin, ta shiga bakin ninkin daidai saitin inda ta tsinta, ta yi tafiyar milimita 6 zuwa 8 a cikin ramin ninkin, ta fito, ta sake tsinta daidai saitin inda ta fito. Sirrin yana cikin wannan "daidai saitin". Idan kika goce ko da kaɗan, zaren zai kwanta a karkace ya bayyana. Idan aka yi shi yadda ya kamata, ba a ganin zare ta ciki, ta waje ma sai an ƙura ido. Shi ne na shadda mai tsada, bakin hannun riga da ake naɗewa, da duk abin da ake ganin fuskarsa biyu. Tunda zaren yana cikin rami, gogayya ba ta isa gare shi, wannan ya sa ya dace da ƙafar wando.

Na uku gicciye, shi kuma a juye yake tafiya: daga hagu zuwa dama, amma tsinin allura yana kallon hagu. Tsinci kaɗan a kan ninkin, tsallaka a karkace zuwa jikin yadin, gaba da milimita 6 zuwa 10, tsinci kaɗan, ki dawo kan ninkin. Zaren yana gicciye kansa a kowane taku, shi ya sa yake miƙewa ya dawo. Shi ne na yadi mai miƙewa, da yadi mai kauri irin na wandon kwat wanda ninki biyu zai yi masa tudu. A nan ninki ɗaya ake yi, giccin ya danne yankakken bakin.

Na huɗu murzajje, na mayafi da gyale. Ki ɗan jiƙa babban yatsa da manuni, ki murza bakin tsakaninsu har ya naɗe ya kai kaurin tsinken ashana, santimita 3 ko 4 a gaban allura, ki riƙa kama naɗin da ɓoyayyen ɗinki, taku kusa-kusa. Yadi mai santsi yakan ƙi naɗuwa. Maganinsa a fara bin bakin da layin ƙananan taku, rabin santimita daga gefe, a datse yadin dab da layin, sai naɗin ya sami abin da zai kewaya. Wannan kalmasar ba a goge ta ta kwanta, kyanta a tudunta yake. Kada ki fara koyo da ita.

Kowanne kika zaɓa, duk santimita 10 ki yi taku biyu a wuri ɗaya a kan ninkin. Wannan shi ne makulli: ranar da zaren ya tsinke, iyakar abin da zai kwance ke nan, ba duka ƙafar wandon ba. Idan zare ya kusa ƙarewa, yi ƙananan taku 2 ko 3 a kan ninkin, zura allura cikin madaukin na ƙarshe ki ja, sannan ki bi da ita cikin ramin ninkin santimita 2 ko 3 ki fito ki yanke. Wutsiyar ta ɓace a ciki.

Abin da ke ɓata aiki

Mafi yawa shi ne tattarewa, bakin ya yamutse kamar an zuge jaka. Ja ne ya yi yawa. Hannu yana ɗauka ƙarfin ɗinki a ja yake, alhali zaren kalmasa kwanciya ake so ya yi, har ki iya ɗan ɗaga ninkin da farce. Duk bayan taku 5 ko 6 ki shafa wurin tsakanin yatsu biyu, zaren ya koma mazauninsa. Idan an gama an ga ya tattare, guga ba za ta gyara ba, sai farkewa.

Idan ɗigon ya fito ɓaro-ɓaro ta waje, ɗaya cikin uku ne: kin tsinci zare da yawa, allurar ta yi kauri, ko kin riɓanya zare. Idan kalmasar ta murɗe tana nuna layuka a karkace kamar igiya, ninkin ne ya riƙa zamewa gaba yayin da jikin yadin ke tsaye, ko dai ba a kafa fil ba, ko yankan bai bi zare ba. Idan kuma shatin ninkin ya fito ta waje bayan guga, an danne tudun ne ta fuskar tufa. A goge ta ciki, gefen ƙasa kaɗai, ko a zura kwali tsakanin ninkin da jikin yadin.

Kusurwa tana da nata lissafi. Kalmasa mai ninki biyu rufi uku ce, idan ta hau wata sun zama tara a wuri ɗaya. A atamfa allura za ta ratsa. A yadi mai kauri a datse ɗan murabba'in da ke cikin kusurwar kafin a ninke. Wandon jins ya fi haka, inda kalmasa ta haye ɗinkin gefe rufin yakan kai 12, shi ya sa teloli ke fara daka wurin da guduma. Jins ba aikin allurar hannu ba ne, sai in gaggawa ce.

Baki mai zagaye, irin na hijabi da siket mai buɗewa, shi ya fi ba mutane wuya, kuma dalilin lissafi ne. Gefen waje ya fi layin da za a ninke a kai tsawo, to ina rarar za ta je? A cikakken zagaye, kowane santimita 1 na faɗin kalmasa yana haifar da rarar kusan santimita 6. Kalmasar santimita 3 tana nufin kusan santimita 19 na yadi da ba shi da wurin kwanciya, dole ya tattare. Mafita uku ce. A sirantar da kalmasar zuwa rabin santimita. Ko a bi bakin da dogayen taku a ɗan ja zaren, rarar ta rabu ko'ina daidai, a danne da guga mai danshi. Ko a yi shafi, wato a yanko wani ƙyalle da siffar bakin, a ɗinka a gefen, a juya shi ciki a kalmashe samansa, kamar yadda ake yi wa ƙasan babbar riga. Sannan duk tufa mai zagayen ƙasa a rataye ta kwana ɗaya kafin a yi alama, domin wuraren da yankan ya ratsa saƙa a karkace suna saukowa da nauyinsu, ƙasan ya zama wani wuri dogo wani gajere.

Wani abu game da shadda da ake kai wa masu bugu: duk inda ƙulli ya yi tudu ko kalmasa ta yi kauri, nan bugun ya fi sauka, kuma nan yadin ke fara cinyewa. Shadda tana son ƙulli ƙarami, ko ma a fara da taku biyu wuri ɗaya ba ƙulli.

Tela ko Kaka

Keke da zare biyu yake ɗinki, na sama da na ƙasa, suna sarƙewa a tsakiyar yadi, kusan taku 10 a kowane inci, yana ratsa duka rufi ukun. Ƙarfi ke nan da sauri, sai dai layin yana fitowa fili, kuma idan aka farke yana barin jerin huji. Na hannu sili ɗaya ne da ya tsinci zare biyu-biyu, ba ya bayyana, yana da sassauci, ana zare shi cikin minti biyu ba tabo. Kowanne aibinsa yana cikin amfaninsa.

Kaka ba ta yi ƙarya ba. Keken ɗinki irin wanda muka sani a Amurka ya samu, Elias Howe ya yi masa rajista a 1846, Singer ya fito da nasa a 1851, kuma an daɗe bayan haka kafin ya shiga kowane lungu a ƙasar Hausa. Kafin nan da allura ake haɗa riga tun daga wuya har ƙasa, har yau ma aikin hannu na babbar riga irin na birnin Zariya ya fi na keke daraja. Amma zanen ɗaurawa na yau da kullum wahala yake sha: dirza, matsa, shanya, ja a ƙugu. Layin keke a bakin zane ba wanda ya taɓa kiransa aibi. Ki kuma yi lissafi, a tazarar milimita 6 mita ɗaya tana cin taku kusan 165, bakunan zane biyu sun haura mita 2, taku kusan 400 ke nan. Sabon hannu zai ci awa guda ko fiye, tela kuwa minti biyar. Zanen ki ba tela. Haka zanen gado, tawul, ƙubaka da kayan wasan yara.

Wandon makaranta labarinsa daban. Zagayen ƙafarsa bai wuce santimita 35 zuwa 40 ba, taku 60 zuwa 70 kowace ƙafa, kuma kin san badi za a sake sauko da shi. Nan ta hannu ta fi, ke ma za ki iya. Akwai gam da ake sa wa a cikin ninki a manne da guga, yana fitar da mutum kunya ranar gaggawa, amma wanki yana ɓamɓare shi, kuma yana barin dauɗa a wurin da za ki so buɗewa nan gaba. Kada ki sa shi a wandon yaro.

Ga yadda za ki yi. Juya wandon, ki yanke kowane taku na huɗu ko na biyar na tsohon ɗinkin da tsinin almakashi, ki ja zaren ɗaya gefen, zai fito da tsawonsa. Reza tana da sauri amma ita ke yanka yadi. Kakkaɓe ƙurar da ta taru a cikin tsohon ninkin, ki wanke, ki goge shatin ta ciki da tsumma da aka jiƙa da ruwa da ɗan ruwan khal. Yaron ya sa wandon da takalminsa na makaranta, ya tsaya a miƙe yana kallon gaba, domin da ya sunkuya kallonki awon ya ɓaci. Yi alama ta baya, tsakaninta da ƙasa kamar santimita 2, a ƙafa ɗaya kaɗai. Cire wandon, haɗa ƙafafun biyu ɗinki kan ɗinki, ki kwafi alamar a ɗayar. Ninke, danne da guga, kafa fil, ki bi da ɓoyayye idan kin gwada shi a tsumma ya yi, in ba haka ba karkatacce. Rarar da ta saura kada ki yanke ta, ninke ta duka ciki.

Ban ga wandon ba, kuma abu biyu sai an buɗe ake sani. Shatin ninki yana gogewa, amma idan wurin ya koɗe ya zama farin layi, musamman a yadi mai duhu, babu abin da zai mayar da launin, sai dai tela ya bi kansa da layin keke ya zama kamar ado. Na biyu shi ne yawan yadin da ke ciki. Kina buƙatar aƙalla santimita 2.5 ƙasa da sabuwar alamar, 1 na ninkin farko, 1.5 na biyu. Idan bai kai ba, sai shafi: ƙyalle mai faɗin santimita 5, launinsa kusa da na wandon, a ɗinka shi a gefen, a juya ciki a kalmashe. Wannan yana cin rabin santimita kacal na wandon. Idan ko da shafin bai sauko idon sawu ba, to ki wanke shi ki ajiye wa ƙaninsa.